Mai fotokofi da mai tura waƙa: tsokaci a kan satar fasaha

Abin da ya jawo wannan ɗan tsokaci shi ne wani bambanci da muka lura ana yi a cikin hirar malamai da ɗalibai, har mu kanmu. Idan aka ambaci saurayin nan da ke zaune da kwamfuta a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram yana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori, sai a ce ɓarawon fasaha ne, shi ya karya kasuwar fim. Idan kuwa aka ambaci mai injin fotokofi da ke bakin jami'a, wanda ke juye littafi daga bango zuwa bango, ba mai ɗaga murya, don aikinsa taimakon ilimi ne. Alhali Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa hukumar OAPI kuma Nijar ke cikinta, ta kare littafi da waƙa da fim a ƙarƙashin haƙƙi guda.

Rangwamen da ake yi wa mai juyar littafi yana da tushe. Tun kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, da hannu ake juyar littafi, kuma almajirin da ya ari littafin malaminsa ya kwafe shi lada ake sa masa rai. Laifi shi ne ya shafe sunan mawallafi. Sai ga tsada ta ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a: a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, littafin da ake shigowa da shi daga Paris ya fi ƙarfin ɗalibi, wani lokaci har da malaminsa. Ba mu kaɗai ba ne a cikin wannan hali. A 2012 kamfanonin Oxford da Cambridge da Taylor & Francis sun kai ƙarar wani shagon fotokofi na Jami'ar Delhi a Indiya, a 2016 babbar kotun Delhi ta ba shagon gaskiya bisa hujjar koyarwa, a 2017 kamfanonin suka janye ƙarar. Faransa kuwa wata hanya ta bi, ta kafa doka a 1995 wadda ta sa ana biyan kuɗin fotokofi ga wata hukuma da ke raba wa masu haƙƙi.

A ɓangaren fim ma lamarin bai zo da sauƙin da muke zato ba. Brian Larkin, a cikin littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa hanyoyin da ƴan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka shimfiɗa don juyar kaset na finafinan Indiya da Amurka, su ne fim ɗin Hausa ya bi ya yaɗu bayan 1990. Wato masana'antar da ke kukan satar fasaha a kan turbar satar fasaha ta yi tatata. Wannan nazari yana da amfani, amma ya tsaya ne a zamanin kaset, lokacin da mai juye sai ya sayi inji da kaset ɗin da babu komi, hoton kuma yana dushewa duk juyi. Memori da wayar salula ba su san wannan wahala ba.

Nan ne bambancin da muka fara da shi ke rushewa. Littafi ma ya shiga waya. Ɗalibin da ya sauko da maƙala daga Sci-Hub, wanda aka buɗe a 2011, da yaron da aka tura wa waƙa, aiki ɗaya suke yi da yatsa ɗaya. Kuma idan muka ce "littafi", hankalinmu kan tafi ga kamfanin Turai mai arziki, mu manta da marubutan adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda tafiyarsu ta ginu a kan marubuci ya buga littafi da kuɗinsa, ya kai kasuwa, ya jira ciniki. Littattafan nan sun tsallako iyaka sun samu masu karatu a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Idan aka ɗauki hoton shafukan irin wannan littafi aka watsa a WhatsApp, asarar ba ta isa Paris ba, a aljihun mutum guda take tsayawa.

A ganinmu, ma'aunin da muke hukunci da shi ma'aunin mai albashi ne. Malamin jami'a ba cinikin littafi ke ci da shi ba. Rubutunsa takardun neman ƙarin girma ne a gaban CAMES, don haka in an juye maƙalarsa sau ɗari daɗi zai ji, ba ya fusata sai ran da ya tsinci sakin layinsa a kundin wani ba tare da sunansa ba. Marubuciyar labari da mawaƙi kuwa ba a shafe musu suna ba, yana nan a bango da cikin amshi, kuɗin ne bai zo ba. Mun yafe wa mai fotokofi bashin da ba mu ke bin sa ba.