Kalangu da Kotso a Akwati Ɗaya: Rediyo da Matsayin Makaɗan Jama'a

Manazarta da dama kan ɗauki shekarar 1988, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, a matsayin shekarar da kiɗan jama'a ya sami daraja a ƙasar Hausa. A ganinmu, jami'a ta tabbatar ne kawai da hukuncin da masu sauraro suka riga suka yanke. Tushen al'amarin ya fi kusa da 1962, shekarar da aka buɗe Rediyon Kaduna.

A bisa al'ada, kayan kiɗa su ke nuna matsayin makaɗi. Kotso, irin na Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kiɗan sarauta ne; kalangu kuwa an san shi da mahauta da dandalin 'yan mata. Rediyo bai kula da wannan bambanci ba. Akwati ɗaya ya riƙa fitar da su bi da bi, ga talaka da basarake. Ta haka kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos suka kai inda a dā sai makaɗin fada.

Sai dai an yi asara. Zambo da habaici na waƙar fada suna bukatar mai sauraron da ya san wanda ake nufi. Na nesa kuwa daɗin kiɗa kawai yake ji. Saboda haka wajibi ne masu nazari su tattara tarihin waɗannan waƙoƙi daga bakin dattawan fada tun suna raye.