Nauyin Ɗaki Daban, Nauyin Na'ura Daban

Wata al'ada ta yaɗu tsakanin matasan injiniyoyinmu masu tsara na'urorin sanyaya gine-gine, tana kuwa damuna ƙwarai, wato mutum ya zuba awon gini cikin kwamfuta, ta fito masa da jerin lambobi, shi kuma ya ɗauki wadda idonsa ya fara faɗawa a kai ya sayo na'ura da ita, ba tare da ya yi bincike kan mas'alar da lambar ta amsa ba.

Alhali mas'alolin biyu ne. Ta farko ita ce nauyin sashe, wato zafin da ke taruwa cikin ɗakunan da ma'aunin zafi guda yake sarrafawa: ranar da ke ratsa gilashi, zafin da bango da rufi suka sha tun hantsi suke amayarwa bayan la'asar, fitilu, da su kansu mutane, domin ma'aikacin da ke zaune a teburinsa yana fitar da kimanin wat 130, wajen 55 daga ciki gumi ne da tururin numfashi. Ta biyu ita ce nauyin na'urar da ke hura sanyi cikin sashen, wadda, bayan duk wannan, wajibi ne ta ɗauki zafin fankarta, da sabuwar iskar da ake shigowa da ita daga waje in ta kanta take bi, da kuma zafin da ya kwana cikin ginin da aka kashe wa na'ura tun magariba.

Sabuwar iskar nan ce abin lura, domin iskar Kano ta Afrilu busasshiya ce komai zafinta, ta Agusta kuwa jiƙe take sharkaf. Na taɓa shiga wani zauren taro da damina, ma'auni yana nuna digiri 24, amma takardun da ke kan tebur sun yi laushi, warin fumfuna ya kama labule, jama'a na fifita da littattafansu. Da na nemi lissafin na'urar zauren, sai na tarar ba a sa laimar iskar waje ba sam, an dai ƙara girman na'ura bisa kintace, har ta zama tana sanyaya zauren ta tsaya kafin ta tatse ruwan da ke cikin iska.

Abin ya yi mini ciwo, domin Willis Carrier kansa, da ya tsara na'urarsa ta sanyaya iska a 1902 don wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, laimar da ke lalata takarda ya fita yaƙa.