Yatsa Biyu da Tsirkiya Shida: Sharhi a kan Kiɗan Mwenda Jean Bosco

Akwai wata al'ada da ta zaunu a tsakaninmu, mu manazarta waƙar baka, watau mu ɗauki faifai mu rubuce baitocinsa tsaf, mu fito da jigo da salo, sa'an nan mu sallami kiɗan da jimla guda, mu ce "ana yin ta da kalangu" ko "da kuntigi". A wannan ɗan sharhi ina so in kawo wani makaɗi wanda wannan hanya ba za ta fisshe mu a kansa ba, domin kuwa mafi shaharar aikinsa babu kalma ko ɗaya a ciki.

An haifi Mwenda Jean Bosco a 1930 a Bunkeya, cikin lardin Katanga na ƙasar Kwango, a zamanin mulkin Beljiyam. Ɗan gidan sarautar Bayeke ne, amma a garuruwan haƙar tagulla ya yi tashe, inda ma'aikata daga ƙabilu daban-daban suka taru suna magana da Sawahili. A can ne jita, wadda baƙuwa ce, ta sami wurin zama. A 1952 Hugh Tracey, mai yawon ɗaukar kaɗe-kaɗen Afirka, ya gamu da shi a Jadotville (Likasi ta yanzu) ya ɗauki kiɗansa mai suna "Masanga" iri biyu: ɗaya da waƙa, ɗaya kuwa jita zalla. Na biyun shi ne abin dubawarmu.

Wanda ya fara jin faifan yakan rantse makaɗa biyu ne, alhali kuwa mutum guda ne, kuma yatsa biyu kaɗai na hannun dama ke taɓa tsirkiya. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiyoyi masu kauri, manuniya kuma tana zaƙulo sirara daga ƙasa. Makaɗan jita na Amurka da suka yi fice a irin wannan kiɗa galibi sukan mai da babban yatsa tamkar agogo, yana kai da komo tsakanin tsirkiya biyu ba canji. Shi Mwenda bai yarda da haka ba. Babban yatsansa yana da tasa maganar: yakan gangara, ya hau, ya tari manuniya a tsakiyar zancenta, wani lokaci ma ya karɓe zancen ɗungurungum ya bar ta tana yi masa amshi. Hasali ma idan aka kasa kunne sosai za a ji cewa tsarin jagora da 'yan amshi, wanda muka saba gani a bakin mutum biyar ko shida, shi ne aka ɗora wa yatsa biyu.

Ginin kiɗan kuwa gajere ne ƙwarai. Akwai ɗan zagaye guda da ake maimaitawa tun daga farko har ƙarshe, wanda za mu iya kira gindi, kamar yadda muke kiran gindin waƙa. A bisa wannan gindi ne Mwenda ke ta haifar ɗiya, kowane da kamanninsa: nan ya jinkirta wani sauti ya faɗo bayan bugun da kunne ke jira, can ya tsinka jimla biyu ya ba kowane yatsa rabi. Mai sauraro yana sane da inda za a koma, amma bai san ta wace ƙofa za a shigo ba, kuma a nan daɗin yake. David Rycroft ya bi waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su a mujallar African Music a 1961 da 1962, abin da ya isa ya kunyata duk mai cewa kiɗa ba ya nazartuwa a takarda.

To, amma kada yabo ya rufe mana ido. Filin da Mwenda ke noma ƙarami ne. Haɗe-haɗen sautin da yake kamawa da hannun hagu kaɗan ne, irin waɗanda kowane ɗan koyo ke farawa da su, kuma wanda ya jera fayafayansa na shekarun 1950 ya saurara a zama ɗaya zai ji wasu sun yi kama da juna har sun so su gundure shi. Muryarsa ma mai sanyi ce, ba ta kai hannunsa ba. Sai dai a ganina ƙanƙantar filin ita ta fito da gwanintar, domin da kayan aikin sun yi yawa da ba a gane inda hikimar take ba.

Hujjata a nan ita ce abin da ya faru a 1956, lokacin da William Walton, mashahurin mai tsara kiɗa na Ingila, ya ari karin "Masanga" ya saka cikin kiɗan da ya shirya don bikin cikar birnin Johannesburg shekara 70. Karin ya fito daram a hannun makaɗa masu yawa, da ƙaho da goge iri-iri, amma jayayyar nan ta babban yatsa da manuniya ta ɓace, tun da an raba wa jama'a aikin da armashinsa shi ne mutum ɗaya ke yin sa. Ga alama masu jita sun fi fahimtar haka, don su hannun suka bi: salonsa ya bazu har Nairobi, a 1969 ya yi wasa a bikin Newport na Amurka, a 1979 kuma John Low ya tafi har Lubumbashi ya zauna gabansa yana kallon yadda yake aza yatsa.