Gangar da Ke Cikin Akwati: Kiɗan Kibod a Majami'un Garwa

Garwa gari ne na harsuna da yawa. A bakin kogin Binuwai akwai Fulani da Hausawa, da Fali, da Mundang, da Tupuri, da Gidar, kowace kabila da gangarta da irin takunta. Nan ne hedkwatar ikkilisiyar Lutheran Brethren ta Kamaru, wadda masu bishara daga Amurka suka kafa, nan ne kuma limaman Katolika na ƙungiyar Oblat suka soma aiki a 1946. Ikkilisiyoyin nan sun daɗe suna fama don mutane su yabi Allah da harshensu da kiɗansu. Amma yanzu a majami'u da yawa kibod ne ke jan waƙa, wato fiyano mai aiki da lantarki, ganguna kuwa suna jingine a bayan ƙofa.

Kibod ba abin ƙi ba ne. Saurayi ɗaya yakan fitar da muryar molo da sarewa da ganga daga akwati guda, ikkilisiyar da ba ta da kuɗin kayan kiɗa da yawa ta sami biyan bukata. Laifin yana wurin wanda ya kunna shi yadda ya fito daga kanti, bai gyara kome ba.

A 1991 masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka yarda da tsari ɗaya mai suna General MIDI, mai muryoyin kayan kiɗa 128 da muryoyin bugu 47. A cikinsu akwai konga da bongo na Kuba, da kuwika ta Brazil, da wata algaitar Indiya. Babu kalangu, babu kotso, babu shantu, babu tulun da matan zumunta suke bugawa. Yawancin kiɗe-kiɗen da aka ajiye a ciki kuma bugu huɗu-huɗu ne, alhali waƙoƙi da yawa na ƙasar nan suna tafiya uku-uku, tafi yana ratsa su biyu-biyu. In aka ɗora irin wannan waƙa a kan kiɗan kanti, sai ta zama kamar wanda ya ari takalmin da bai kai ƙafarsa ba. Tsofaffi su rasa inda za su sa tafi, su yi shiru.

Makaɗi mai lura yana iya magance rabin wannan, gama Yamaha da Korg da yawa suna ba da hanyar gyara. Yana iya ɗaukar muryar konga ya sauke ta har ta yi kauri kamar ganga, ya gajarta amonta don kada bugu ya hau kan bugu. Yana iya rage amsa-kuwwa, domin majami'a mai rufin kwano tana da tata, in an ƙara ta inji sai kalmomi su narke. Yana iya kashe rakiyar da injin ke yi da kansa, ya bar bugu biyu ko uku, ko kuwa ya shirya nasa kiɗan uku-uku ya ajiye. Waɗansu sababbin kibod har suna karɓar muryar ganga ta ainihi da aka ɗauka. Makaɗan finafinan Hausa a Kano sun bi irin wannan hanya tun shekarun 1990, suna nema a cikin Yamaha muryoyin da suka yi kusa da kalangu da sarewa. Wanda ya yi wannan wahala saboda sujada ya cancanci yabo.

Duk da haka gyara yana da iyaka. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matsa tsirkiya a hammatarsa, murya ta hau, ya saki, ta sauka, tana bin hawa da saukar Hausa, inda kalma ɗaya takan sake ma'ana in an sake muryarta. Abin da aka ɗauka aka sa a inji kuwa bugu ɗaya ne, da murya ɗaya. 'Yar tayar da ke hannun hagu na kibod tana iya lanƙwasa murya, amma kunnen da ya saba da kalangu ba ya ruɗuwa.

Abu na biyu ya fi nauyi: inji ba ya jira. Mai ba da waƙa yakan ja baiti in maganar ta taɓa zuciyarsa, makaɗi na gaske ya dube shi ya dakata, jama'a su amsa. Kiɗan inji yana tafiya da saurin da aka sa masa, ko mai waƙa ya gama ko bai gama ba. Ta haka bawa ya zama ubangida. Manzo Bulus ya yi gargaɗi a 1 Korintiyawa 14 game da sarewa da molo da ƙaho waɗanda ba a rarrabe muryarsu. Abin da yake nema shi ne mai ji ya fahimta, ya ginu. Kiɗan da ya rufe kalmomi bai cika wannan ba, kome daɗinsa.

Akwai kuma maganar wuta. Lantarkin arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara ga madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, in ruwa ya ja baya da rani wuta takan yi ta yankewa. Mawaƙan da suka koyi kowace waƙa a bakin kibod sukan tsaya cik in akwatin ya mutu. Wanda ya hau dokin aro, a tsakiyar hanya yakan sauka.

Saboda haka ya kamata dattawan ikkilisiya su auna mai kibod da abu uku: ko ana jin kalmomi daga bencin baya, ko tsohuwa tana samun wurin tafi, ko waƙa tana ci gaba in wuta ta ɗauke. Shi kuma ya zauna da tsohon makaɗin gari, ya saurari hannunsa, ya gyara injinsa a kan abin da ya ji. In akwai mai ganga a cikin jama'a, a kashe gangar akwati, a miƙa masa tasa, kibod ya bi shi a baya. Yaran da suke kallo za su koyi bugun, ikkilisiya kuma ba za ta rasa waƙa ba ranar da babu wuta.