Gyara ga maganar mai sharhi a kan korar dabbar daji daga tarkon wani

Mai sharhi, Allah ya jiƙan shi, ya rubuta a gefen wannan warƙa cewa wanda ya kori dabbar daji daga wurin mai tarko, ko ya sake ta bayan ta kamu, babu lamuni a kanshi, don dabbar daji ba ta kowa ba ce. Na ce: ya haɗa mas'aloli biyu cikin hukunci guda, alhali ba su haɗuwa.

Idan zabo ya riga ya faɗa tarko, ko kurciya tana cikin keji, sun zama dukiya. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a shekara ta 595 bayan hijira, ya kawo saɓanin cikin Bidayatul Mujtahid: Malik ya ɗora biya a kan mai buɗe keji, ko ya zaburar da tsuntsun ko bai zaburar ba; Shafi'i ya rarrabe tsakanin biyun; Abu Hanifa ya ce babu kome a kanshi. Ina zaton ta nan maganar ta shigo wa mai sharhi. Amma littafin da yake wa sharhi na Malikiyya ne, kuma Halil ya tabbatar da lamunin a babin ƙwace.

Ta biyu ta fi wuya. Mutum ya ɗana tarko, ya zuba tsaba, zabi sun doso, sai maƙwabci ya buga gwangwani don hassada, suka watse. A nan mai sharhi yana da rabin gaskiya: ba a biyan ƙimar abin da ba a mallaka ba, alƙali ma ba shi iya ƙidaya zabin da ba su kamu ba. Sai dai rashin lamuni daban, rashin haƙƙi daban. Ka duba babin yanka, ya kai ɗalibi. Wanda ya koro dabba da nufin jefa ta tarkon wani, kuma ba don su biyun ba da ba ta kamu ba, Halil ya hukunta su raba gwargwadon aikinsu. Ke nan tarko yana da rabo ko mai shi yana gida yana barci. Mai ɓata mishi sana'a da gangan ya shiga ƙarƙashin hadisin hana cuta da ke cikin Muwaɗɗa: alƙali ya hana shi, in ya koma ya ladabtar da shi, in ya karya tarkon ya biya.

Wannan ban da manomin da ya kori zabi daga geronshi, ko maharbin da ya riga shi harbi, don dabbar da ba ta kamu ba ta wanda ya riga kama ta ce. Allah ne mafi sani.