3.4 Sharhi a Kan Tarbiyya da Harshen Sujada a Makarantar Mishan ta Wusasa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, idan aka ambaci makarantar addini, abin da zai zo wa mai sauraro a rai shi ne makarantar allo, ko ta ilimi a zauren malam, ko kuma Islamiyya. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka yi la'akari da tarihi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na shekarar 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba, kuma a kan wannan alkawari aka dogara wajen taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi. Ko da aka sassauta a shekarun 1930, ta ƙofar magani aka bari su shigo, kamar asibitin kutare na Amanawa da ke kusa da Sakkwato. Saboda haka, don a ga yadda tarbiyyar Kirista ta zauna cikin harshen Hausa da al'adar Bahaushe, wajibi ne a leƙa ƙasar Zazzau, a dubi makarantar St. Bartholomew ta Wusasa.

Tushen wannan makaranta yana komawa ga Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S., wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, sannan ya zauna a birnin Zariya daga 1905. A nan ya tara yara a gidansa yana koya musu karatu. A 1929 aka mayar da aikin mishan ɗin bayan gari, wato Wusasa, inda aka gina majami'a da tubalin ƙasa bisa salon ginin Hausawa.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne yadda aka kula da yaran. Sau da yawa akan ɗauki makarantar mishan tamkar baƙon abu daga sama har ƙasa. Wannan ɗauka tana da rauni. Yaron da ya kwana a gidan malaminsa, ya ci daga tukunyarsa, ya yi masa shara da ɗebo ruwa, ya tashi da addu'ar safe, ya kwanta da ta dare, ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Sunansa ɗan riƙo, ko kuma almajiri. Har ma kalmar “almajiri” ita ce aka zaɓa a Littafi Mai Tsarki don mabiyan Yesu goma sha biyu. Ke nan tsarin da aka bi ya yi kama da wanda iyaye suka sani, inda ake damƙa wa malam yaro gaba ɗayansa, ya zamo shi ne uban, shi ne mai horo, shi ne kuma mai jinya idan ciwo ya zo. Miller kuwa likita ne, don haka jinyar ta zo masa da sauƙi. Kalmar da Kiristoci ke amfani da ita ga wannan aiki, wato “kiwo”, da kiran shugaban ikilisiya “makiyayi”, ba ta buƙatar dogon bayani a ƙasar da yaro ke buɗe ido ya ga Bafulatani da sandarsa.

Sai dai a wajen harshen sujada ne aikin ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne ya fi wuya. Masu fassara sun tarar da Hausa cike da kalmomin addini waɗanda Musulunci ya riga ya ba su ma'ana tun ƙarnoni. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, wadda Miller ya yi babban aiki a kanta, ta ɗauki da yawa daga cikinsu: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a. Amma ɗaukar kalma ba ita ce ɗaukar ma'anarta ba. A dubi “sujada”. Ga mutumin Kebbe, sujada ita ce ɗora goshi a ƙasa cikin salla. Ga ɗalibin makarantar mishan kuwa, sujada ita ce taron ibada ɗungurungum, da waƙarsa da karatunsa da wa'azinsa, ko da ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Haka “ceto”. Musulmi na jin ta sai ya tuna ceton Annabi (S.A.W.) ranar alƙiyama, alhali Kirista yana nufin kuɓuta daga zunubi ta wurin mutuwar Yesu. Ita kuwa “alheri”, wadda a bakin jama'a take nufin kyauta ko kyakkyawan aiki tsakanin mutum da mutum, an ɗora mata nauyin wata babbar aƙida, wato baiwar Allah wadda bawa bai cancance ta ba. A ganin wannan nazari, zaɓin “alheri” shi ne mafi dacewa a cikinsu, domin Bahaushe ya riga ya san cewa abin da aka biya kuɗinsa ba a kiran sa alheri. Abin lura kuma shi ne ba a ari kalmar “salla” ba. An bar ta ga masu ita.

Wannan aro yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne yaro bai ji ana yi masa magana da baƙon baki ba. Illarsa kuwa, mutum biyu za su iya furta kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi, har su zaci sun fahimci juna. Inda aro ya ƙare, kamar a lafazin “Ɗan Allah”, nan ne bambancin aƙida ke fitowa fili, kuma babu gwanintar fassara da za ta rufe shi.

Ta fuskar sakamako, ba a musun cewa Wusasa ta yaye mutane. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da kuma Janar Yakubu Gawon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru. Shi Gawon ɗan ƙabilar Angas ne, abin da ke nuna cewa Hausa ce igiyar da ta ɗaure yaran ƙabilu dabam-dabam a aji da majami'a. Ga ɗalibin adabi kuwa, sunan da ya fi muhimmanci shi ne John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933. Taurarin labarin, Abubakar da Zainabu da Malam Shehu da Kyauta, duk Musulmi ne, kuma rikicinsu na neman aure da asiri da ramuwar gayya na cikin gidan Bahaushe ne. Marubucin bai mayar da littafin dandalin wa'azin addininsa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan masu cewa duk wanda ya bi ta hannun mishan ya fita daga Hausanci.

Duk da haka, akwai inda tsarin ya gaza, kuma bai kamata a rufe shi ba. Almajirin allo yakan sauke ya koma garinsu a yi masa walima, domin abin da ya koyo shi ne abin da iyayensa ke so. Yaron da ya karɓi baftisma kuwa, sau da yawa komawa gida kan yi masa wuya, sai makarantar ta zame masa dangi. Kulawar ta yi zurfi ne saboda yaron ba shi da wata madogara, kuma fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa ta ƙara wannan rata. Riƙon da ba a mayar da ɗa ga iyayensa ya saɓa wa riƙon da Bahaushe ya sani.

Akwai kuma batun karin harshe. Hausar littattafan sujada ta ginu ne bisa karin gabas, wato na Kano da Zazzau, kuma fassarar da ta fito a 1979 ta bi daidaitacciyar Hausa. Yaron da ya tashi a Tambuwal yana cewa “shina” da “mi” da “hwarko”, idan ya shiga majami'a “yana” da “me” da “farko” zai ji ana karantawa. Irin wannan matsala ce ɗalibin firamare na yankin ke fuskanta a littafin karatunsa na Hausa, sai dai shi ɗan majami'a da wannan karin zai haddace addu'arsa.