Jinjina ga matan da ke bin gida-gida a Gombe

Duk wanda ya san ƙauyukan Dukku da Nafada ya san nisan da ke tsakanin ɗakin mai ciki da asibiti. Wannan tazara ce ƙungiyar Society for Family Health ta tashi haiƙan don ragewa a 2016, tare da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Gombe da tallafin Gidauniyar Gates. Aka zaɓi mata daga cikin al'ummarsu, aka horar da su, aka tura su mazaɓu 57 cikin 114 na jihar.

Ka ga ɗayarsu ta yi sallama, an shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Sai ta gaida uwar miji tukuna, domin ta san inda shawara take. Sannan ta tambayi mai ciki ko ta je awo, ta nuna wa mai jego yadda ake shafa wa cibiya magani, ta lallashe ta da ta ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ɗura masa. In yaye ya matso, ta tuna mata kunun gero da gyaɗa da waken soya, don tamowa ba ta shiga gidan da ciki ya ƙoshi da abin kirki.

An yarda da ita ne saboda 'yar gida ce, da harshensu take magana.